Bangon da Ke Janye Ruwa

Ni ne mai tayar da janareto a zauren nan na Yelwa,
ni ke shara, ni ke cewa a cire takalmi.
Da Sahura ta sauke akwatunanta daga Birnin Kebbi
na ɗauka majigi ne, na ce, "Fim za a yi?"
Ta ce, "Malam Nomau, kogi na kawo."

Kwana uku tana rataye fitilu a rufi,
tana auna bango da igiya kamar tela,
ta toshe tagogi da baƙin yadi
har zauren ya yi duhun cikin rumbu.
Ran na huɗu ta danna wani abu,
sai ga Kwara kwance a jikin siminti,
tana numfashi,
har da ƙarar ruwa a haƙarƙarin kwalekwale.
Na duba ƙafata. A bushe.

Ƙa'idar ke nan: ka ɗora tafi,
ruwa ya ja baya daidai faɗin hannunka.
Ka ɗauke, ya rufe.

'Yan makaranta suka zo suna marin bango,
kifaye na watsewa,
wani ya lashi yatsa ya ji ko da ɗanɗano.
Wani attajiri ya taya,
aka ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce, to na mene ne?
Ni ma ba ni da amsa. Na fita duba mai.

Ranar kasuwa, bayan la'asar,
Iya Tumba mai busasshen kifi ta leƙo.
Ba kallo ya kawo ta ba, inuwa take nema.
Ta ajiye tire, ta dafa bango don ta huta.
Ruwa ya tsage.
Ga jinka. Ga turmi a kife.
Ga tsamiya mai reshe biyu
a tsibirin da tafki ya haɗiye
tun ba ta iya ɗaura zane ba.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba.
Ta ƙara hannu na biyu,
ta manna goshi, ta manna kafaɗa;
duk inda jiki ya taɓa, gari ya fito.
"Yarinya, wa ya gwada miki wanga?"
"Tsofaffin hotuna, Iya, da bakin manya."
"To, sun yi kuskure.
Tsamiyar ga gabas take da ɗakinmu.
Kuma kin mance maƙera."
Sahura ta zauna a ƙasa ta buɗe kwamfuta,
tsohuwa na faɗa, tana matsarwa.
Ban taɓa ganin an dasa tsamiya da yatsa ɗaya ba.

Sai Iya ta ce hannu biyu bai isa ba.
Mu goma sha ɗaya muka jera tafuka,
da ni, da ɗan acaba, da yara masu tallan rake,
gari ya buɗe tun daga mashaya har maƙabarta.
Hannu ya yi tsami,
babu mai son ya zama na farkon ɗaukewa.

Janareto ya yi tari, ya yi shiru.
Laifina ne. Lita biyu na zuba.

Cikin duhu na ji tana laluben tire.
Ta ce, "Wancan karon ma ba a yi sallama ba.
Gobe ƙarfe nawa kuke kunna kogin?"
Na ce tara.
Ta bar mini kifi uku a kan benci,
ta ce kuɗin mai.