Wasa Ba Inuwa

Riyal ɗari da hamsin na biya a Haraj,
na saɓo ta a kafaɗa har Hindawiyya.
Mai ita ya rantse ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba.
Bai yi ƙarya ba. Tsufa ne kawai.

Sammani ya goge ta da bakin jallabiyarsa,
ya jona wuta, fanka ta yi gyaran murya,
allo ya taso a hankali
kamar mai ciwon gwiwa zai miƙe daga sujada.

Ya ɗora wasan ƙwallon da yaran layi ke yayi.
Sai ga rubutu, layi biyu, cikin ladabi:
an daina kula da manhaja mai irin shekarunta,
katin hotonta bai kai ba, a nemi sabo.

Na san wannan ladabin.
Da shi aka turo min takarduna ta taga bara,
bayan shekara talatin da ɗaya
ina gyara wa Jidda na'urar sanyi.
Ban ce wa yaro komai ba.

Bayan isha Haladu ya hauro daga shagonsa,
kofin shayi a hagu, sukundireba a aljihu.
Ya hure ƙura, ya leƙa cikinta, ya yi tsaki,
ya tono wani tsohon direba
da wani bawan Allah ya ajiye a intanet,
ba don kuɗi ba, ba mu ma san sunansa ba.

Ya ce, za ta ɗauka, amma sai an rage mata kaya.
Ya kashe inuwa. Ya kwashe 'yan kallo.
Ciyawa ta koma shimfiɗaɗɗen koren fenti,
fuskokin 'yan wasa kamar an shafe da yatsa,
mai tsaron gida hannunsa ɗaya na ɓacewa, yana dawowa.

Ƙwallo dai ta gangara.

Sammani ya ci ɗaya a minti na tara,
ya yi ihu har maƙwabcinmu ɗan Yaman ya buga bango.
Filin shiru, ba mai tafi sai ni.

Na tsaya a bayansa ina kallon mutum ashirin da biyu
suna gudu tsakar rana, babu mai inuwa.
Ya waiwayo: Baba, karɓi, gwada.
Fanka tana haki. Na zauna.