Numfashin Inji

Mun bar Parinari kafin zakara ya gyara murya,
kwale-kwale cike da ayaba da buhu uku na garin rogo,
ni a baya, riƙe da doguwar jelar inji,
ƙanwata Yesenia a gaba tana gyangyaɗi.
Kogin Maranyon ya cika ya batse,
jawur, kamar an dama laka da gangan.

Sai injin ya yi tari.
Ya ƙara, ya ja numfashi irin na tsoho a kan tudu,
ya yi shiru.
Shirun ya fi ƙararsa cika kunne.

Na ja igiya. Na ja. Na ja har kafaɗa ta yi tsami.
Ruwa kuwa bai jira kowa ba,
yana tura mu wajen kututturan da ambaliya ta kwaso.

Nan na tuna Goggo Zoraida Tapullima,
mai rumfar gyara a gaɓar Nauta,
wadda farcenta bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba.
Takan ce: "Eleuterio, inji ba ya mutuwa don ƙeta.
Abu uku yake roƙo: wuta, mai, iska.
Tambaye shi ɗaya bayan ɗaya,
in ka haɗa masa tambaya, ƙarya zai yi maka."

Na kwance fulogi.
Bakinsa a bushe, ba jiƙa, ba gawayi.
Na jingina shi da ƙarfe, Yesenia ta ja igiya,
tartsatsi shuɗi ya yi tsalle, tas!
To, wuta ta fita daga zargi.

Matatar iska na kaɗe a gwiwa:
ƙura kaɗan da fiffiken sauro.
Na tsiyaye ƙoƙon kafireta a tafin hannu,
ko ruwan daren jiya ya saci hanya cikin fetur.
Ko ɗigo bai kwanta a ƙasa ba.

Na mayar da komai. Ja ɗaya, ya tashi!
Yesenia ta tafa, tsuntsaye suka watse.
Ba mu wuce lanƙwasa biyu ba
ya sake shaƙewa, ya mutu a hannuna.

Rana ta take tsaka.
Ayaba ta fara nuna don haushi.
Jirgin 'yan sari na barin Nauta da ƙarfe biyu,
kuɗin maganin Baba kuma na cikin ayabar nan.

Na zare tiyo ina kallo:
mai ya zo, ya rage, ya koma ɗigo, ya tsaya,
alhali na girgiza tanki, na ji rabi na motsi.
Na murɗa murfi don in leƙa,
sai ya yi fuuu,
kamar wanda aka cire wa hannu daga baki,
mai ya ɓalle ya jiƙa mini ƙafa.

Na juya murfin a hasken rana.
'Yar hudar da iska ke shiga,
wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba,
an liƙe ta da laka, sumul, aikin gwani.
Zanzaro!
Sati biyun da injin ya yi a rataye ƙarƙashin ɗaki
ta samu fili ta yi gini,
ba haya, ba sallama.

Yesenia ta ɗauko ƙugiyar kifi
ta rushe gidan da tsini ɗaya.
Injin ya tashi, bai ƙara tari ba har Nauta.

Jirgin ya tafi.
Muka sayar wa mata masu suya a rabin kuɗi,
ya isa magani, bai isa takalmin Yesenia ba.

Goggo ta yi dariya har sifana ta faɗi daga hannunta.
"Na ce maka iska, ka tsaya a hanci.
Ciki ma yana numfashi, yaro.
Ɗan hakin da ka raina..."
Ba ta ƙarasa ba, wani ya shigo da janareta a ka.

Yanzu kowace asuba, kafin in taɓa igiya,
nakan kai murfin bakina in hura.
In na ji iska a tafin hannu,
sai in ce wa Yesenia ta kwance mu daga gaɓa.