Aron Ido

Wayata ta tsufa kamar ni.
Da can, in na ɗaga ta gaban kwalbar magani,
sai ta yi gum, tana nishi a tafina,
bayanta ya ɗau zafi kamar murfin tukunya.
Kafin ta ce "ƙwaya biyu da safe"
shayina ya huce,
batir ya faɗi, rana ko tsaka ba ta yi ba.

Ran Lahadi Anselmo, ɗan ƙanwata, ya hawo tudu,
matakala ɗari da sha bakwai daga bakin tekun Valparaíso,
yana haki. Ya karɓe ta, ya lallatsa.
"Goggo Eduvigis, na sauke mata kaya.
Yanzu hoto kawai za ta ɗauka ta tura,
lissafin a gajimare za a yi."

Na ce wane gajimare?
Hancina ya san hadari tun yana bayan duwatsu,
yau ko ɗigo babu.

Ya yi dariya. Ya ce gini ne, ba shi da taga,
na'urori jere, dubu bisa dubu,
fankoki na yi musu fifita dare da rana.
Ban san garin ba. Shi ma, da na matsa, bai sani ba.

Amma ga shi.
Na nuna ta ga titi: "Mota mai lamba bakwai."
Na nuna ta ga takardar wuta,
ta faɗi kuɗin tun ban gama fargaba ba.
A kasuwar kifi Casimiro ya miƙo canji,
ta ƙirga kafin ya rufe baki.
Jikinta sanyi ƙalau.
Har magariba da sauran numfashinta.

Ashe ke ma aron ido kike, 'yar nan.
Shekara talatin ina riƙe gwiwar hannun mutane,
ke kuma kin riƙe ta wani gini.
Wa ke ganin kwalbar maganina a can?
Wa ya san yawan bashina?
Anselmo ya ce ba kowa. Na ji yana sosa ƙeya.

Jiya, cikin dogon ramin da ke kai mu lifta,
inda bango ke zufa, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis,
sabis ya ɗauke.
Na tambaye ta me ke gabana.
Ta ce, "Dakata."
Na sake. Ta ce, "Dakata."
Ta fara ɗumi a hannuna, tana ƙoƙarin tuna
abin da ta sani kafin a sauke mata.

Na ce bar shi.
Na jefa ta aljihu, na buga sanda,
bango ya amsa daga hagu.
Taku tamanin da huɗu ne zuwa ƙofa.
Wannan lissafin
ban taɓa aika shi ko'ina ba.