Carbin Gwangwani

Reshe guda Asabe Yila ta bar mini
ranar da aka ɗauke ta daga asibitin Bajoga,
ɗan guntu, bai kai tsawon yatsa ba,
ganye ƙulu-ƙulu kamar 'ya'yan carbi.

Na dasa shi a gwangwanin madara,
na dinga ba shi ruwa safe da yamma
kamar mai renon jinjiri.
Kwana tara gindin ya yi baƙi,
ya yi luguf, ya soma wari.
Ashe so ma in ya yi yawa kisa yake.

Na tsinke abin da ya saura.
Na huda gwangwanin da ƙusa,
tsingaro a ƙasa, yashin Gongola a sama,
na rataye shi a bakin rumfa
inda rana ke leƙowa da hantsi ta wuce,
inda akuyar Barau ba ta kai baki.

Yanzu sai na tsoma yatsa.
In da danshi, in mayar da buta.
In ganyen ya yamutse kamar fatar gwiwar hannu,
in shayar da shi, in manta da shi.

Damina biyu ke nan.
Ya zubo har ya wuce taga,
jela bakwai, ɗaya ta fi sauran rashin ji.

Jiya Asabe ta bugo daga Kumo:
nata ya mutu tun a hanya.
Na ɗauki reza, na daɗe a tsaye
ina neman wadda zan iya rabuwa da ita.
Motar Kumo na tashi bayan Azahar.