Mabuɗin Ƙofar Gishiri

Mabuɗin ya fi tafin hannuna tsawo.
Ranar da magajin gari ya miƙo mini shi, cewa ya yi:
"Irmela, ba ya buɗe komai yanzu,
amma a riƙa shafa masa mai."
Shekara goma sha tara ke nan ina shafawa.

Ganuwar ta tafi tun kafin kakata.
Mutanen gari suka kwashe duwatsunta da dare, ɗaya bayan ɗaya,
wannan ya gina turken doki, wancan ya ɗaga katangar coci,
aka bar ƙofar ita kaɗai a tsakiyar titi
kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa.

Ta nan amalanken shanu ke shigowa da gishiri.
Mai gadi, Wendelin, in ji takardar da ɓera ya ci rabinta,
yakan soka sanda cikin kowane buhu,
ya karɓi kwabo biyu, ya kuma lashe abin da ya maƙale.
An ce matarsa ba ta taɓa sayen gishiri ba.
Rana na faɗuwa zai saki ƙyauren ƙarfe.
Wanda ya makara ya kwana waje da dusar ƙanƙara da kyarkeci,
ko da uwarsu ɗaya.

Da igwa ta zo, dutse ya daina ba kowa tsoro,
sai aka mai da benen sama kurkuku.
Zo ka taɓa nan, ƙasan taga:
wani ya ja layi ɗari biyu da sha ɗaya da ƙusa,
sannan ya zana jirgin ruwa,
a wannan lungu na Jamus da rafinsa ko kwalekwale ba ya ɗauka.
Ban san sunansa ba.
Ban san ko layin ƙarshe saki ne ko igiya ba.

Bayan shi albarushi ya yi zamansa,
bayan albarushi, yara.
Su arba'in a ɗakin da ba ya cin ashirin,
da malaminsu Eckehard, da murhu mai hayaƙi.
Har yau in ruwan sama ya jiƙa bango
ana jin warin tawada.
Ko kuwa ni kaɗai ke ji.

Daren da jirage suka zo, mahaifiyata na da shekara shida.
Ƙarƙashin bakan ƙofar nan suka lafe,
mutum talatin da akuya ɗaya.
Gari ya waye, layin masu burodi ya zama toka,
ita kuwa ƙura kawai ta karkaɗe.
Har ta rasu, mahaifiyata ba ta wuce nan ba sai ta dafa bangon,
kamar mai gaida ungozomar da ta yanke mata cibi.

Daga baya majalisa ta so rushe ta,
wai motar bas na shan wuyar wucewa.
Aka ƙirga hannuwa. Da hannu ɗaya ta tsira,
hannun mahauci Gottlob, wanda gyangyaɗi ya kwashe,
ya farka ya ɗaga bai ma ji tambayar ba.
Ga tabon da bas ta bar mata a haƙarƙari, shuɗin fenti.

Yanzu ƙasa shagon gyaran agogo ne na wata yarinya, Frauke,
sama kuma akwatunan gilashi uku, sai ni.
Baƙi kan zo su biya, su ɗauki hoto, su tambayi banɗaki.
Tsattsewa ta yi sheƙa a ramin da ƙyauren ke sauka.
Ita kam ba na karɓar kuɗinta.

Da yamma nakan rufe 'yar ƙofar gefe da kwaɗon kanti,
in rataye babban mabuɗin a ƙusarsa.
Babbar ƙofa na nan hangame dare da rana,
iska na shiga, iska na fita, ba mai soka mata sanda.
Gwiwata ta fara ƙin matakala sittin da ukun nan.
Jiya na nuna wa Frauke inda kwalbar man take.