Ruwa Biyu

Kawu Toivo ya rasu a watan Maris.
Bai bar gida ba, bai bar mata ba,
sai kwalekwalen kamun kifi mai injin da ke tari
da takarda guda: a sayar, a ba Kaisa.
Ni ce Kaisa.
Dala dubu goma sha tara da ɗari huɗu
suka faɗo asusuna ranar Talata,
ina tsaye a asibitin haƙori, safar roba a hannu,
ina kankare bakin wani dattijo mai tsoron allura.

Tun daga ranar barci ya yi mini yaji.

Bashin da na ci a banki don karatu
saura dubu arba'in da ɗaya.
Shekara tara ina biya
kamar mai kwarfar rijiya da ludayi.
Ruwansa bakwai cikin ɗari,
ba ya hutun Lahadi, bai san Kirsimeti ba,
ina kwance yana haihuwa.

Tagar ɗakina a Duluth tafkin Superior take kallo.
Tsakanin ruwa biyu nake zaune:
ɗaya, in sanyi ya kai sanyi, bakinsa yakan daskare
har yara su taka shi da takalmi.
Ɗayan ban taɓa ganin ya daskare ba.

Ƙanena Eino ya zo da wayarsa,
ya nuna mini wani koren layi yana hawan dutse.
Ya ce, zuba su a hannun jari, ki manta,
bayan shekara talatin ki dawo ki tarar da garke.
Ya ce, kuɗin da aka biya bashi da su gawa ne,
ba sa sake motsi.
Gaskiya ce a bakinsa.
Sai dai kafin ya fita
ya ranci dala ashirin na man mota.

Inna tana murza kwaɓin burodi, ba ta ɗago ba.
Ta ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
Ubanki shekara talatin da ɗaya
yana loda tama a cikin jiragen ruwa,
bai taɓa kwana da sisin kowa a wuyansa ba.
Na yi shiru.
Ban ce mata bai kwana da nasa ba shi ma.
Ban ce shi ya sa take tsaye a kanti har yau,
shekara sittin da takwas,
ƙafa a kumbure, tana miƙa wa mutane canji.

Da dare na ɗauko biro.
Na ninka, na raba, na soke, na sake.
Takarda ta ce Eino zai yi nasara
in kasuwa ta yi halin kirki,
in ban yi ciwo ba,
in asibiti bai rage ma'aikata ba.
In, in, in.
Takarda ba ta da ƙirji,
ba ta san abin da ke danne shi ranar biyar ga wata ba.

Ranar Asabar na gangara bakin tafki.
Ga kwalekwalen, an shafe shi da shuɗin fenti,
sunansa na da yana leƙowa ta ƙarƙashi.
Wani baƙo ya ja igiyar injin sau uku,
ya yi tarin nan nasa, ya tashi.

A nan tsaye, yatsa na rawar ɗari,
na tura wa banki dubu goma sha huɗu.
Biyar na kai kasuwa, na rufe ido.
Eino ya ce tsoro ne.
Inna ta ce caca ce.

Ɗari huɗun kuwa na kai wa mai sassaƙa dutse,
don har yanzu katako ne a kan kabarin Kawu.
Ya ce ba za su isa ba.
Ya ce in kawo sauran a hankali,
ba ruwa.