Mai Gyaran Rediyo a Aboabo

Shekara arba'in da ɗaya ina rumfar nan,
bayan tashar tirotiro, daf da babbar kwata,
da dalma, da ƙarfen liƙi, da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Jiya ba wanda ya kawo mini komai.
Shekaranjiya ma haka.

Kumasi ta daina gyara.
Abu ya yi tari, sai bola.
Waya ta tsage, a ci bashin wata.
Aure ya fara shiii kamar tasha ta goce,
ba mai murza allura a hankali
har muryar ta dawo.

Jikana Mudassir ya ce, "Baba, duniya ta wuce ka."
Ko kai bai ɗago ba,
yatsansa na sharar gilashi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafar wani.
Na ce, ta wuce ni zuwa ina?
Bai ji ba. Akwai abu a kunnensa.

Sau ɗaya na karɓi abin na saurara.
Ganga ba fata, murya ba maƙogwaro,
yaro na ƙirga motocin da bai mallaka ba.
Mu a namu zamanin, sai makaɗi ya san kakanka
kafin ya ɗora hannu a kan kalangu.

Ina nan zaune aka sare wa sidi sifiri huɗu,
aka ce ta warke.
Ashe jelar ƙadangare ce, tana tsirowa.
Azumi mai koko ta rantse ba ta ƙara kuɗi ba,
kuma gaskiyarta:
ludayin ne ya rame.

Duk shekara huɗu sukan tuna hanyar Zango.
Riguna masu hoto, buhun shinkafa, lasifika,
wannan launi da safe, wancan da la'asar,
kowa na cewa kyauta, kyauta.
Wanda ya ce zai ba ka kyauta daga baitulmali,
shafa aljihunka tukuna,
can ya ɗebo.
Rufin masallacinmu da adashi muka yi shi,
kwano ɗaya-ɗaya, damina uku,
ba wanda ya zo yanke kirtani,
kuma har yau bai yi yoyo ba.
Kwatar da aka yi mana alkawari sau tara
ga ta nan, hancinka shaida.

Da asuba masu bugo waya gidan rediyo
suna rarraba mu kamar goro a kwando:
wannan ɗan ƙasa, wancan baƙo.
Kakana da jakuna ya zo ƙasar Tonawa,
kabarinsa na Tafo, na ubana na gefensa.
Opanin Boakye kafinta, rumfarsa jikin tawa,
ba mu taɓa zuwa taron haɗin kai ba.
Ni in ari gudumarsa, shi ya ari filayata,
ranar da matata ta rasu
shi ya jera kujeru.
Wani lokaci nakan ji kunya
da ni na gyara akwatin da ke fitar da wannan ihu.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Wayar Mudassir ta mutu a hannunsa,
ya yi ta kewaya tsakar gida kamar kazar da ta rasa akurki.
Can ya tsaya kan tsohuwar rediyota mai batir huɗu.
"Ina ake kunna ta?"
Na nuna masa.
Muka ji ƙarshen labarai, da farashin koko, da wata sanarwar rasuwa.
Ya juya bayanta, ya haska da ashana,
ya ce, "Wannan ɗan jan abin fa, mene ne aikinsa?"
Na buɗe baki ke nan
wuta ta dawo.

Ya tafi neman caja.

Yau na share ɗaya kujerar,
na ajiye sukudireba a kai.
Ban faɗa masa ba.